Abdou Moumouni Dioffo: Ɗan Tasawa da ya ƙi yarda ilimi ya zama gadon masu hali

Duk ɗalibin da ya ci jarrabawar BAC a Maraɗi ko Madarumfa ya kama hanyar Yamai, sunan da zai tarar a ƙofar babbar jami'ar ƙasa shi ne Abdou Moumouni. Da yawa sun san shi da madubin tara hasken rana da tukunyar da ke dafa abinci ba tare da itace ba. Kaɗan ne suka san cewa tun 1964 ya rubuta littafi sukutum da ya taɓo tambayar da iyaye ke yi har yau a ƙauyukan Sarkin Yamma da makwabtansu: me ya sa ɗan mai hali ke zaune a ajin siminti tun watan Oktoba, ɗan manomi kuwa sai an gama girbi an samu karan da za a kafa masa aji?

Mutumin da ya yi wannan tambaya bai fito daga gidan talaka ba. Tsarin da ya soka shi ne ya ɗaga shi har ya kai Paris. Da ya iso sama sai ya waiwaya ya ƙirga waɗanda aka bari a ƙasa, ya kuma yi sauran rayuwarsa yana neman yadda za a buɗe masu ƙofa.

Daga Tasawa zuwa Damagaram

An haifi Abdou Moumouni Dioffo ranar 26 ga Yuni 1929 a Tasawa, garin da ke kan hanyar Maraɗi zuwa Damagaram. Asalin gidansu na Kirtashi ne, gidan sarautar Zabarmawa a bakin kogin Isa, kudu da Yamai. Ya fara karatun boko a Damagaram, daga nan ya wuce babbar firamare ta Yamai, garin da Faransawa suka mayar hedikwatar ƙasa a 1926.

A shekarar da aka haife shi ne Boubou Hama ya fito daga makarantar William Ponty ya zama malamin boko na farko ɗan Nijar. Shekara 30 ke nan bayan da sojojin Faransa suka ci Damagaram a 1899. Wannan kaɗai ya isa ya nuna yadda lakwal ke tafiyar hawainiya a ƙasar. Karatu kuwa ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa: makarantun allo sun cika garuruwa, malamai na rubuta wasiƙa da waƙa da ajami. Amma aikin gwamnati da albashi da kusanci da kumandan duk sun koma hannun mai jin Faransanci.

Tsarin da yaron ya shiga an tsara shi ne tun 1903, zamanin gwamna janar Ernest Roume, don dukkan ƙasashen Afirka ta Yamma da ke hannun Faransa. A ƙasa akwai makarantar ƙauye. A samanta akwai makarantar yanki, sai babbar firamare a hedikwatar kowace ƙasa, sai ƴan makarantu ƙalilan da dukkan ƙasashen ke tarayya a kansu. Kowane mataki da gasarsa, kuma guraben sun dogara ne da yawan akawu da tafinta da malamai da ma'aikatan asibiti da mulkin mallaka ke bukata. Umarnin gwamnoni shi ne a fara ɗiban ƴaƴan sarakuna da na manyan gari da na ma'aikata. Wannan ɗabi'a tsohuwa ce: tun tsakiyar shekarun 1850 gwamna Faidherbe ya buɗe wata makaranta a Saint-Louis ta Senegal da ake kira makarantar ƴan garkuwa, wadda daga baya ta zama makarantar ƴaƴan sarakuna da tafintoci.

Ba kowane uba ne ya so lakwal ba. Wasu sun ɓoye ƴaƴansu, wasu sarakunan sun tura ƴaƴan barorinsu a madadin nasu. Sai dai idan aka duba ta fuskar kuɗi, talaka ne ya ɗauki kayan. Dokar Faransa ta 1900 ta ɗora wa kowace ƙasar da ake mallaka nauyin ciyar da kanta daga harajinta. Saboda haka manomin gero da gyaɗa na Tasawa ko Gobir ko Katsinar Maraɗi, wanda ke biyan lanho a kan kowane kai na gidansa, yana kuma yin aikin tilas har zuwa 1946, shi ne ke biyan albashin malamin makarantar da ɗansa ba zai taɓa shiga ba.

Ponty da Paris

A 1944 Abdou Moumouni ya samu shiga William Ponty, wadda a lokacin take Sebikotan, kusa da Dakar. Ita ce ƙololuwar karatun ɗan Afirka ta Yamma a wancan zamani. Hamani Diori da Djibo Bakary da Modibo Keïta da Félix Houphouët-Boigny duk nan suka bi. Amma takardar da take bayarwa ta ƙasashen mallaka ce kawai, ba ta kai darajar takardun Faransa ba. A wannan shekara ta 1944 ne kuma taron Brazzaville ya sake jaddada cewa da Faransanci kaɗai za a koyar a makarantu, harsunan gida ba su da gurbi a aji.

Bayan yaƙin duniya na biyu ƙofa ta ɗan buɗe. An soke aikin tilas, an kafa asusun FIDES a 1946 don gina hanyoyi da asibitoci da makarantu, an kuma fara bai wa wasu ɗalibai tallafin zuwa Faransa. Abdou Moumouni ya gama Ponty a 1948, ba da daɗewa ba ya tafi Paris ya shiga lise Saint-Louis, inda ake shirya ɗalibai masu ƙarfi a lissafi da kimiyya. Ya samu digirinsa na farko a kimiyyar fizik a 1953, ya ƙara takardar zurfafa karatu a 1954. A 1956 ya ci gasar agrégation, wadda ita ce mafi tsauri cikin gasannin ɗaukar malamai a Faransa, ya zama na farko daga ƙasashen baƙar fatar Afirka masu amfani da Faransanci da ya ci ta a wannan fanni.

A Paris bai tsaya ga littafi kaɗai ba. Yana cikin waɗanda suka kafa FEANF, haɗaɗɗiyar ƙungiyar ɗaliban baƙar fatar Afirka a Faransa, wadda aka assasa a 1950. Ƙungiyar ta fara ne da batun kuɗin tallafi da masauki, kafin ta zama muryar neman ƴanci. A 1957 yana cikin waɗanda suka kafa jam'iyyar PAI a Thiès ta Senegal, jam'iyya mai aƙidar gurguzu da ta nemi cikakken ƴanci a lokacin da yawancin ƴan siyasa ke neman gyaran zama ne kawai tare da Faransa.

Konakiri, Mosko, Bamako

Da takardar da ke hannunsa zai iya zama a Faransa ya ci albashi mai kauri. Ya dawo Afirka ya koyar a lise Van Vollenhoven ta Dakar. Ranar 28 ga Satumba 1958 ƙasar Gine ta jefa ƙuri'ar a'a ga tsarin Janar de Gaulle, Faransa kuwa ta janye malamanta da ma'aikatanta cikin fushi. Azuzuwa suka zama ba masu koyarwa. Wasu ƴan bokon Afirka suka ajiye ayyukansu suka tafi cike giɓin, cikinsu har da masanin tarihi Joseph Ki-Zerbo na Haute-Volta, wadda yau ake kira Burkina Faso. Abdou Moumouni ma ya tafi, ya koyar a lise Donka ta Konakiri. Abin da ya faru a Gine darasi ne a fili: makarantar da malamanta da littattafanta da kuɗinta ke zuwa daga waje, mai bayarwa na iya rufe ta rana ɗaya.

A Nijar kuwa ƙuri'ar i ce ta yi rinjaye, gwamnatin Djibo Bakary ta faɗi, aka haramta jam'iyyar Sawaba a 1959. Ƙasar ta samu ƴanci ranar 3 ga Agusta 1960, a lokacin da yaran da ke zuwa makarantar boko ba su kai 5 cikin 100 ba na waɗanda suka isa shiga. Nijar na cikin ƙasashen da suka fi kowa koma baya a wannan fage a duk Afirka ta Yamma.

A farkon shekarun 1960 ya tafi Tarayyar Sobiyet ya zurfafa bincike a kan makamashin hasken rana a ƙarƙashin cibiyar kimiyya ta ƙasar. Daga can ya sauka a Mali ta Modibo Keïta, ƙasar da ta yi wa tsarin iliminta garambawul a 1962 da nufin karatu ga kowa kuma mai inganci. A Bamako ya kafa ɗakin binciken makamashin rana a 1964, ya kuma koyar a babbar makarantar horar da malamai. A 1967 ya kare digirinsa na dakta a Paris, a kan yadda zafin rana ke taruwa a tsakiyar madubi mai siffar ƙwarya.

Littafin 1964

A cikin waɗannan shekaru ne ya fitar da L'Éducation en Afrique, wato ilimi a Afirka, a maɗaba'ar François Maspero ta Paris, a 1964. An fassara shi zuwa Ingilishi a 1968, maɗaba'ar Présence Africaine kuma ta sake buga shi a 1998. Masanin kimiyya ne ya rubuta shi, saboda haka alƙaluma da lissafi sun yi yawa a ciki.

Littafin ya fara ne da tarbiyyar da Afirka ke da ita kafin zuwan Turawa. Moumouni ya nuna cewa wannan tarbiyya ta al'umma ce baki ɗaya, tana tafiya da shekarun yaro mataki mataki, kuma ba ta raba koyo da aiki: yaro na koyon noma a gona, ƙira a maƙera, tarihi da ladabi a bakin manya, duk da harshen da ya tashi da shi. Bai ɓoye gazawarta ba, musamman a fannin rubutu da kimiyya, amma ya nuna cewa ba ta barin yaro a waje.

Daga nan ya shiga makarantar mulkin mallaka ya warware ta zare zare: abin da aka kafa ta dominsa, yawan yaran da ta ɗauka, abin da take koyarwa a kan tarihin Afirka, da irin mutumin da take fitarwa. Hukuncinsa shi ne an gina ta don ta samar da mataimaka kaɗan masu biyayya, ta kuma sa su ji sun fi iyayensu da ƴan uwansu na karkara. Abin da ya fi ɗaga masa hankali shi ne abin da ya biyo bayan ƴanci. Sababbin gwamnatoci sun gaji wannan tsari suka ci gaba da shi da manhajarsa da jarrabawarsa da malamansa ƴan taimakon fasaha daga Faransa. A ganinsa sakamakon a bayyane yake: waɗanda suka riga suka shiga za su riƙe ƙofa ga ƴaƴansu, boko ya zama gado kamar sarauta.

A nan ne batun kuɗi ya shigo. A watan Mayu 1961 ministocin ilimi na Afirka sun taru a Addis Ababa suka ɗauki alkawarin sa kowane yaro a firamare kafin 1980. Moumouni ya duba tsadar makaranta irin ta Faransa, ya duba ƙarfin aljihun ƙasashen, ya nuna cewa da wannan salo alkawarin ba zai cika ba. Dalilin a sauƙaƙe yake. Yaron da aka fara koya wa karatu da harshen da bai taɓa ji ba yana ɓata shekarun farko wajen laluben harshen. Da yawa su maimaita aji, da yawa su gudu kafin su iya karatu. Kuɗin da aka kashe a kansu ya tafi a banza, kuma kowane mai maimaita aji ya tare gurbin wani yaro. Ɗan ma'aikaci da ke jin Faransanci a gida ya shigo da rabin aikin a gama. Ɗan manomi ya shigo hannu wofi, a ƙarshe jarrabawa ɗaya za ta auna su, a ce ɗaya mai ƙoƙari ne ɗaya daƙiƙi.

Maganin da ya kawo yana da rassa da yawa. A koyar da yara da harsunan Afirka, a ɗauki Faransanci a matsayin harshen da ake koya. A yi gagarumin yaƙi da jahilci tsakanin manya da harsunansu, don uban da ya iya karatu ya fi riƙe ɗansa a makaranta. A sake rubuta manhaja ta yadda tarihi da labarin ƙasa da kimiyya za su tashi daga abin da yaro ke gani. A daina raina karatun sana'a da fasaha. Ƙasashe kuma su haɗa ƙarfi wajen manyan makarantu, tunda kowace ita kaɗai ba za ta iya ɗaukar nauyinsu ba. Bisa duk wannan, ya ɗauki rabon kuɗin ilimi a matsayin zaɓin siyasa: wanda ke riƙe da mulki ne ke yanke shawarar ko za a gina aji a ƙauye ko a ƙara wa manyan ma'aikata jin daɗi.

Littafin bai faranta wa masu mulki da yawa rai ba, amma ɗalibai da malamai sun rungume shi. Shekara biyu bayan fitarsa, a 1966, UNESCO ta tara masana a Bamako don daidaita rubutun Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da wasu harsuna. A 1973 Nijar ta buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa da Faransanci, a Damagaram, garin da Moumouni ya fara zama a benci.

Dawowa gida

Sojoji sun kifar da Modibo Keïta a watan Nuwamba 1968. A 1969 Abdou Moumouni ya dawo Nijar ya karɓi ragamar ONERSOL, ofishin makamashin hasken rana na ƙasa, ya riƙe shi har tsakiyar shekarun 1980. Daga wannan ofishi aka fitar da na'urorin dumama ruwa da na tace shi da na busar da kayan abinci, da murhun dafuwa mai madubi, da injin da ke aiki da zafin rana wanda aka ƙera tare da wani kamfanin Jamus. Yamai ta zama wurin da masana daga ƙasashe da yawa ke zuwa koyo, shi kuma ya zama mai ba UNESCO da wasu hukumomin duniya shawara.

Wannan aiki da batun makaranta tushensu ɗaya. Yarinyar da ke wuni neman itace ko jan guga ba ta da lokacin aji, kuma farin da ya afka wa Sahel a farkon shekarun 1970 ya nuna yadda daji ke ƙarewa. Sai dai a nan ma ya ci karo da bangon da ya yi magana a kansa a littafinsa. Na'urar dumama ruwa ta fi samun shiga a gidaje da ma'aikatun birni. Murhun rana bai bazu a karkara ba, don kuɗinsa ya fi ƙarfin talaka, kuma yana bukatar rana tsaka, alhali tuwon dare ne babban girkin gida. Ƙirƙira ta samu, kuɗin kai ta ga mai bukata ne ya yi ƙaranci.

Jami'a da shekarun tsuke aljihu

An buɗe cibiyar karatu mai zurfi a Yamai a 1971, ta zama jami'a a 1973. Abdou Moumouni ya koyar da fizik a cikinta, ya kuma shugabance ta daga 1979 zuwa farkon shekarun 1980, zamanin mulkin Seyni Kountché. Ya karɓe ta ne daidai lokacin da kuɗin uranium, wanda ya gina makarantu da ma'aikatu a shekarun 1970, ya fara ja da baya. Daga 1983 Nijar ta shiga yarjejeniyoyi da Asusun Ba da Lamuni na Duniya, sai kuma Bankin Duniya, aka shiga tsuke bakin aljihu.

Muhawarar da ta taso a lokacin mai wuya ce, kuma kowane ɓangare na da hujja. Masu ba da bashi sun ce kuɗin da ake kashewa a kan ɗalibin jami'a ɗaya zai koyar da yaran firamare masu yawa, saboda haka a rage tallafin ɗalibai, a raba aji gida biyu, wasu su zo da safe wasu da yamma. Ɗalibai da malamai suka ce idan aka yanke tallafi, ɗan talakan da ya sha wuya ya iso jami'a shi ne zai fara komawa gida, ɗan mai hali kuwa a tura shi waje. Ranar 9 ga Fabrairu 1990 ɗalibai suka yi tattaki a kan gadar Kennedy ta Yamai, jami'an tsaro suka buɗe wuta, ɗalibai 3 suka mutu. Wannan rana na cikin abubuwan da suka kai ƙasar ga babban taron ƙasa na 1991.

Moumouni bai ga taron ba. Allah Ya yi masa rasuwa a Yamai ranar 7 ga Afrilu 1991, yana da shekara 61, ƴan watanni kafin a buɗe shi a ƙarshen watan Yuli. A 1992 aka sa wa jami'ar Yamai sunansa. Matarsa, Aïssata Moumouni, ita ce mace ta farko da ta shiga gwamnati a Nijar, a 1987, zamanin Ali Saibou.

Abin da ya rage a ƙasa

An samu ci gaba bayansa, kuma ba ƙarami ba. Yau makarantar firamare ta isa ƙauyukan da ba su taɓa ganin allon bango ba a 1960. Dokar tsarin ilimi ta 1998 ta bai wa harsunan ƙasa gurbi a aji. Maraɗi ta samu jami'arta a 2010, wadda ke ɗauke da sunan Dan Dicko Dankoulodo, wani masanin kimiyya ɗan garin. A 2017 aka fitar da dokar kare karatun ƴaƴa mata har zuwa shekara 16. A watan Maris 2025 kundin da ke tafiyar da mulkin ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki.

Amma yawan yara ya fi saurin kuɗi. Don a faɗaɗa makarantu da araha, tun ƙarshen shekarun 1990 aka koma ɗaukar malamai ƴan kwantaragi masu ƙaramin albashi, da yawansu ba su samu cikakken horo ba. Inda babu kuɗin siminti, iyaye da kwamitin makaranta ne ke tara kara da itace su kafa ajin zana. Irin wannan aji ba ya tsayuwa sai bayan girbi, kuma ruwan farko ke tashinsa, saboda haka shekarar karatun ɗan ƙauye ta fi ta ɗan birni gajarta tun kafin a buɗe littafi. Hukumomi da kansu sun ƙiyasta azuzuwan zana kusan 36,000 a faɗin ƙasa. Ranar 13 ga Afrilu 2021 gobara ta cinye irin waɗannan azuzuwa a unguwar Pays-Bas ta Yamai, yara kimanin 20 suka mutu. Ranar 8 ga Nuwamba na shekarar, wata gobarar ta halaka yara fiye da 20 a wata makaranta a cikin garin Maraɗi. A garuruwan nan biyu akwai makarantun kuɗi masu bene da fanka, kuma babu iyayen da ke da halin biya da za su kai ɗansu ajin zana.

A karkara kamar Sarkin Yamma, inda yawancin gidaje ke rayuwa da noma da kiwo da ƙaramin kasuwanci, kuɗin makaranta ba ya tsayawa ga abin da doka ta ce kyauta ne. Akwai littafin rubutu da alƙalami da gudummawar kwamiti. Akwai hannun da gona ta rasa. Idan yaro ya ci gaba zuwa kwaleji ko lise a wani gari, sai an nemo masa mai masauki da abin da zai ci, kuma a wannan mataki ne ƴan mata da yawa ke tsayawa. Tsanin da Abdou Moumouni ya hau daga Damagaram zuwa Yamai zuwa Dakar ya faɗaɗa, amma har yanzu kowane mataki da kuɗinsa, kuma mai abin hannu ne ya fi kaiwa sama.

Duk ranar 7 ga Afrilu ana tuna shi a Nijar da tarurruka a kan makamashin rana. Littafinsa na 1964 kuwa da Faransanci aka rubuta shi, harshen da yawancin iyayen da ya yi magana dominsu ba sa karantawa. Lissafin da ke cikinsa bai tsufa ba: nawa ƙasa ke ware wa ilimi, ina kuɗin ke sauka, da wane harshe ake tarbar yaro ranar da ya fara shiga aji. Waɗannan tambayoyi ne da kowane kwamitin makaranta da kowace ƙaramar hukuma, daga Sarkin Yamma har Tasawa, ke da ikon ɗorawa a kan teburi duk lokacin da ake tsara kasafin shekara.